Babi na Biyar: Abin da Lada Ke Saya

Wata ranar Asabar da rana, a farkon shekarun 1930, wani matashin mai bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka ya duba abincin ɓerayensa ya ga ba zai kai ko'ina ba. Sunansa B. F. Skinner. Ɓeraye takwas yake gwaji da su, kowanne na cin ƙwaya ɗari a rana, kuma shi da hannunsa yake murza ƙwayoyin da wata 'yar na'ura irin ta masu haɗa magani, sannan ya shanya su bushe. Da ya yi lissafi sai ya ga kafin hantsin Litinin komai zai ƙare, sai fa in ya sadaukar da sauran yininsa ga murza. Nan ya tambayi kansa, wai dole ne duk lokacin da ɓera ya danna ƙarfe sai an ba shi abinci? Ya gyara tsarin yadda ƙwaya ba za ta faɗo ba sai sau ɗaya a minti, ko sau nawa ɓeran ya danna.

Ɓerayen ba su yi zuciya ba. Suka ci gaba da dannawa ba fashi, abinci kuma ya yi saura. Ƙyuyar murza ƙwaya ce ta buɗe wa Skinner ƙofar binciken da ya shafe shekaru fiye da ashirin yana yi, har ya kai ga ƙaton littafin da suka fitar da Charles Ferster a 1957 kan tsare-tsaren raba lada.

Akwatin da yake gwajin a ciki ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗan ɗaki ne da ba komai a ciki sai ƙarfen dannawa da kwanon da abinci ke faɗowa. A saka ɓera mai jin yunwa, ya yi ta kewaye yana shinshine-shinshine, har ƙafarsa ta taka ƙarfen bisa kuskure, sai ƙwaya ta faɗo. Ba a daɗe ba zai koma. Tun 1898 Edward Thorndike ya ga haka da kyanwowin da yake kullewa a akwati da kifi a waje: karon farko kyanwa ta yi ta yaƙushi da tsalle kafin ta dace da sakatar, amma da an maimaita sai lokacin ya yi ta raguwa. Ƙa'idar da ya fitar mai sauƙi ce. Aikin da daɗi ya biyo bayansa yakan dawo, wanda wuya ta biyo bayansa yakan ja baya. A Rasha kuma Ivan Pavlov, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa kan narkewar abinci, ya lura karnukansa na fara zubar da miyau tun da suka ji takun mai kawo musu abinci, kafin su ga ko da loma. Karen Pavlov alama ya koya, cewa wannan sautin na nufin abinci na tafe. Ɓeran Skinner aiki ya koya, cewa in na yi kaza zan samu kaza. Duk mai kiwon tattabaru ya san duka biyun ko da bai taɓa jin sunan waɗannan mutane ba, don ya san abin da fito da kaɗa gwangwanin dawa ke yi wa garkensa.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne wanda ya fito daga waccan Asabar ɗin. Ɗauki ɓeraye biyu. Na farko an saba ba shi ƙwaya duk dannawa, na biyu kuwa sai jefi-jefi, wani lokaci bayan danna uku, wani lokaci bayan talatin, ba ya taɓa sanin yaushe. Yanzu a tsayar da abincin gaba ɗaya. Na farko zai gwada kaɗan ya gane an daina, ya haƙura. Na biyu zai yi ta dannawa ba ji ba gani, domin a iya saninsa rashin samu ba alamar ƙarewa ba ce, alamar ana dab da samu ce. Halin da aka gina da lada na jefi-jefi ya fi kowane wuyar kankarewa.

Kowa ya taɓa ganin wannan a bakin shago. Yaro ya riƙe gefen mayafin uwarsa yana cewa, “Umma, alawa.” Ta ce babu. Ya sake, ta harare shi. Ya fara ƙunƙuni, ta yi kamar ba ta ji ba. Ya zube ƙasa yana shure-shure, mutane suka fara juyowa, mai shago ya ce, “Haba Hajiya, a saya masa mana.” Ta ciro kuɗi tana faɗa. A zuciyarta ta hana sau uku ta bayar sau ɗaya, don haka ta yi ƙoƙari. Abin da yaron ya ɗauka daban ne: “babu” ta farko da ta biyu ba sa nufin komai, kuma wanda ke aiki shi ne kuka mafi ƙarfi. Da ta bayar tun farko da ya fi sauƙi, da ta hana har ƙarshe da ya fi kyau. Tsaka-tsakin da ta zaɓa don neman maslaha shi ne ya fi horar da shi a kan naci.

Skinner da kansa ya faɗa cewa injin caca da irin wannan lada na jefi-jefi yake aiki a kan ɗan Adam. Mai binciken al'adu Natasha Dow Schüll ta yi shekaru tana zama da masu buga injin caca a Las Vegas, kuma a littafinta na 2012 ta ruwaito cewa da yawansu ba cin kuɗin ne ma ke gabansu ba, so suke kawai su ci gaba da bugawa kada a katse su. Matashin da ke yankar tikitin cacar ƙwallo ya tara wasa goma, tara su shigo ɗaya ya yanke, ba ya fita da jin ya yi asara. Yana fita da jin saura ƙiris. Haka ma yatsan da ke jan fuskar waya ƙasa a Facebook ko TikTok: sau da yawa shirme ne ke fitowa, amma can ba a rasa abin dariya ko saƙon wanda ake jira, kuma ba a san a ja na nawa zai zo ba.

Sai a ƙarshen ƙarni na ashirin aka leƙa cikin ƙwaƙwalwa aka ga abin da ke gudana. Wolfram Schultz, yana Jami'ar Fribourg a Suwizalan, ya riƙa sauraron ƙwayoyin ƙwaƙwalwar biri masu fitar da sinadarin dofamin yayin da ake ɗiga wa birin ruwan 'ya'yan itace a baki. Idan ruwan ya zo ba zato, ƙwayoyin su yi tsalle. Idan aka saba kunna fitila kafin ruwan, sai tsallen ya koma kan fitilar, ruwan kansa kuma ya daina motsa su. Idan aka kunna fitilar aka hana ruwan, daidai lokacin da ya kamata ya sauka sai aikinsu ya faɗi ƙasa da yadda yake kullum. Wato ba daɗin suke aunawa ba, tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu suke aunawa. Sakamakon ya shahara da maƙalar da ya rubuta da Peter Dayan da Read Montague a 1997. A 2003 kuma shi da abokan aikinsa suka nuna cewa zumuɗin jira ya fi ƙarfi idan damar samu rabi da rabi ce. Wannan ya bayyana abin da duk mai ɗaukar ma'aikata ya sani: goron sallah na shekarar farko abin godiya ne, na shekara ta uku haƙƙi ne, wanda aka fasa a ta huɗu kuwa zalunci ne.

Da irin wannan makami a hannu, Skinner ya yi amanna babu halin da ba za a iya sassaƙawa ba, muddin an yanka shi ƙanana an saka wa kowane mataki nan take. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya horar da tattabaru su riƙa tsattsagar hoton jirgin ruwa a kan allo, da nufin a zuba uku a hancin makami mai linzami su yi masa jagora. Tattabarun sun iya aikinsu, sojojin ne suka kasa yarda su damƙa bam a hannun tsuntsu, aka rufe shirin a 1944. A 1953 ya ziyarci ajin 'yarsa lokacin darasin lissafi, ya ga yara na yin aiki sai washegari su san ko sun yi daidai. A wurinsa wannan ɓarna ce, don ladan da ya makara ya rasa rabin ƙarfinsa. Daga nan ya ƙera injin koyarwa mai ba da amsa nan take, kakan manhajojin koyon harshe da ke cikin wayoyinmu yau.

Waɗanda suka fara nuna iyakar abin ɗalibansa ne. Keller Breland da matarsa Marian sun bar jami'a suka kafa kamfanin horar da dabbobi don talla da wasanni, suka horar da dabbobi fiye da 6,000 daga jinsi 38. A 1961 suka rubuta maƙala kan inda dabarar ta ci tura. Sun koya wa alade ya ɗauki manyan sulallan katako ya kai asusu, in ya zuba huɗu ko biyar a ba shi abinci. Da farko kamar wasa, yana yi da gudu. Bayan makonni sai ya fara yar da sulen a hanya, ya tura shi da hanci, ya ɗauka, ya sake yarwa, ya cilla sama, ya sake turawa. Suka ƙara masa yunwa ko zai natsu, abin ya ƙara lalacewa, har ta kai yana shafe minti goma kafin ya kai sulalla huɗu tazarar da ba ta wuce ƙafa shida ba. Sulen ya zame masa alamar abinci, shi kuwa alade da hanci yake tono abincinsa tun fil azal. Lada ya hau kan halitta ne, bai maye gurbinta ba.

Matsalar ɗan Adam ta wuce ta alade, domin shi yana karanta sharaɗin. A 1902 Turawan mulkin mallaka na Faransa a birnin Hanoi suka tsinci kansu cikin ɓeraye. Magudanan ƙarƙashin ƙasa da suka gina wa unguwarsu don alfahari sun zama gidan haihuwa, ga kuma tsoron annoba. Suka ɗauki mafarauta, har akwai ranar da aka kashe fiye da 20,000 a watan Yuni, amma ba a ga ragi ba. Sai suka buɗe wa kowa: kawo wutsiyar ɓera, karɓi kuɗi. Wutsiyoyi suka yi ta zuwa. Ba a jima ba jami'ai suka fara cin karo da ɓeraye guntaye suna yawo a gari, an yanke wutsiya an sake su su je su hayayyafa, a bayan gari kuma aka gano masu kiwon ɓera. Masanin tarihi Michael Vann ne ya tono fayil ɗin a ma'ajiyar takardun mulkin mallaka a Faransa. Ni ban ga laifin mutanen Hanoi ba. Wutsiya aka ce ana saye, wutsiya suka kawo. Makarantar da ake auna malaminta da yawan waɗanda suka ci jarrabawa kawai, kada ta yi mamaki in ta wayi gari amsa na yawo a zauren jarrabawa.

Wannan duk a kan mutanen da ba su damu da aikin ba ne tun asali. To, wanda yake son aikin fa? A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka wallafa gwajin da suka yi a makarantar renon yara ta Bing da ke Jami'ar Stanford. Sun fara leƙen yara 'yan shekara uku zuwa biyar ta bayan gilashi, suka ware waɗanda da kansu suke zaɓar zane da alƙaluman kala lokacin wasa. Suka kasa su uku. Kashin farko aka nuna musu takardar yabo mai tauraron zinare da jan ƙyalle, aka ce in sun yi zane za a rubuta sunansu a ba su. Kashi na biyu suka yi zane, bayan sun gama aka ba su takardar ba tare da sun san da ita ba. Na uku ba a ba su komai ba. Bayan mako ɗaya zuwa biyu aka sake baza alƙaluman a aji, ba wanda ya ce wa kowa komai. Yaran da aka yi wa alkawari suka ɓata kusan rabin lokacin da sauran suka ɓata a kan zane. Har zanen da suka yi ranar karɓar takardar, alƙalan da ba su san na wane ne ba sun ba shi maki ƙasa da na sauran.

A lura da kashi na biyu, don a nan gizo ke saƙa. Su ma sun karɓi takarda iri ɗaya, amma sha'awarsu ba ta taɓu ba. Ashe ba takardar ce ta yi ɓarnar ba, cinikin ne. Yaron da aka ce wa “yi kaza in ba ka kaza” an ba shi sabon bayani game da kansa: ashe don takarda nake zane. Ranar da babu takarda, dalilin ya tafi da ita. Edward Deci ya ga irin haka ga ɗaliban jami'a a gwajin da ya wallafa a 1971, inda ya ba su wasan haɗa 'yan gutsattsari bakwai mai suna Soma. Wasu ya biya su dala ɗaya kan kowace siffa da suka haɗa, daga baya ya ce kuɗi sun ƙare. Yakan fita ya bar ɗalibi shi kaɗai na minti takwas, ga mujallu a gefe, yana kallonsa a ɓoye. Waɗanda aka taɓa biya aka daina sun rage taɓa gutsattsarin, waɗanda ba a taɓa biya ba kuwa sha'awarsu ba ta ragu ba.

An yi ta ja-in-ja a kan wannan. A 1994 Judy Cameron da David Pierce suka tattara gwaje-gwajen suka ce an zuzuta illar. A 1999 Deci da Richard Koestner da Richard Ryan suka mayar da martani da nazarin gwaji 128: ladan abin hannu da aka yi alkawarinsa tun farko yana rage sha'awa ga aikin da dama ake so, kuma ya fi yi wa yara illa fiye da manya, ladan ba-zata ba ya yi, yabon baki kuwa, in bayani ne kan abin da mutum ya iya ba igiyar ja ba, yakan ma ƙara sha'awa. A ganina ɓangarorin biyu sun fi kusa da juna fiye da yadda zafin muhawarar ya nuna, don ba wanda ya ce akwai sha'awar da za a kashe a inda babu ita.

Shi ya sa lada ke yin abin kirki a wuraren da aikin gajere ne, a fili yake, kuma ba wanda ke yin sa don daɗi. A ƙauyukan Udaipur na Indiya, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu sun gwada hanyoyin ƙara rigakafin yara tare da ƙungiyar Seva Mandir. Inda ba a yi komai ba, kashi 6 cikin ɗari na yara ne suka kammala allurai. Inda aka tabbatar ma'aikacin lafiya na zuwa duk wata, kashi 18. Inda aka ƙara da kilo ɗaya na wani nau'in wake a kowace allura da saitin farantai in an kammala, kashi 39. Kuɗin da aka kashe kan kowane yaro ma ya ragu, tunda albashin ma'aikacin ɗaya ne ko mutum biyar suka zo ko hamsin. Kilon wake bai sauya aƙidar kowa ba. Uwar da ta yi niyya amma kullum take cewa sai wata mai zuwa ce ya ba ta dalilin zuwa yau. A kan wannan tunani ƙungiyar New Incentives ke ba iyaye mata 'yan kuɗi a asibitocin Katsina da Zamfara da Jigawa idan sun kawo jarirai rigakafi, kuma gwajin da aka yi a can ya nuna ƙaruwar masu zuwa.

A makaranta abin ya danganta da me aka saya. Masanin tattalin arziki Roland Fryer ya raba wa ɗalibai miliyoyin daloli a biranen Amurka daga 2007. A New York an biya su kan makin jarrabawa, ba a ga wani canji ba. Yaran suna son kuɗin ƙwarai, amma da aka tambaye su yadda za su ƙara maki sai suka riƙa maganar karanta tambaya a tsanake, ba maganar zama da littafi ko neman malami ba. A Dallas kuwa an biya 'yan aji biyu dala 2 kan kowane littafi da suka karanta suka amsa 'yan tambayoyi a kwamfuta, kuma karatun yaran da Ingilishi ne harshensu ya inganta. Yaro ya san yadda ake buɗe littafi. Bai san yadda ake “ƙara ƙoƙari” ba.

Akwai kuma wuraren da shigar kuɗi ke sauya dangantakar ɗungurungum. Wanda ya kira gayya a gonarsa fura da tuwo yake tanada, kuma mutane za su yi masa noman da ɗan ƙwadago ba zai yi ba. Ya kuskura ya bi su da 'yan canji a hannu da yamma, ya ci mutuncinsu, kuma baɗi sai dai ya yi ciniki. Uri Gneezy da Aldo Rustichini sun auna irin wannan a gidajen renon yara goma a birnin Haifa, suka wallafa a 2000. Ana tashi ƙarfe huɗu, amma kullum sai an samu iyayen da suka makara, malama ta zauna jiransu. Makonni huɗu na farko ƙirga masu makara kawai aka yi. A mako na biyar aka sa tarar shekel 10 a gidaje shida ga duk wanda ya wuce minti goma. Makara ta ƙaru har ta kusa ninkawa. A da uban da ya makara yana shigowa da kunya yana ba da haƙuri, don ya san alfarma aka yi masa. Yanzu an gaya masa farashin, kuma da araha, idan aka kwatanta da shekel 1,400 da yake biya duk wata.

A mako na goma sha bakwai aka janye tarar ba tare da wani bayani ba. Masu binciken suka ci gaba da ƙirga har mako na ashirin. A gidaje huɗun da ba a taɓa sa tara ba, komai na nan yadda yake tun farko. A shidan kuwa iyaye suka ci gaba da makara kamar lokacin da ake biya, sai dai yanzu kyauta.